Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Burj Khalifa Da Daddare

Kun tuna benen da Tom Cruise ya hau a Mission Impossible na 2011? Burj Khalifa ke nan a Dubai, tsayinsa mita 828. Wani zai kashe kuɗin jirgi ya je, amma ya dawo da hoto dishi-dishi. Filasha ce da rawar hannu suka cuce shi.

Kashe filasha, haskenta ba zai kai benen ba. Ka ɗauka daidai magariba, fitilu sun kama, sama kuma da sauran shuɗi. A duhu kyamara tana jinkiri kafin ta tara haske, saboda haka jingina wayar da wani abu, kar ta motsa. Sannan ja baya zuwa gadar Souk Al Bahar, ka durƙusa, benen zai shigo har ƙololuwa.