Idan Ɗanki Ya Ce Zai Tafi Gayyar Gini A Wata Ƙasa

Kwanakin baya wata maƙwabciyata a nan Tukur-Tukur ta shigo mini da hantsi, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, yaron nan zai kashe ni da raina." Ɗanta na fari ne, yana karatun zanen gine-gine a jami'a a Samaru, ya zo mata da zancen wai idan an yi hutu zai bi abokansa zuwa wani ƙauye a Jamhuriyar Nijar su taya mutanen garin ginin makaranta. Ba albashi, ba ko sisi, kuɗin mota ma daga aljihunsa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, ga katangar gidansu nan damina ta zubar, bai taɓa ɗaukar ko tubali ɗaya ba.

Na yi dariya, amma na fahimce ta. To sai dai kafin uwargida ta ce a'a, yana da kyau ta san cewa wannan abin da ’yan boko ke kira aikin sa-kai, gayya ce kawai ta tsallaka iyaka. Iyayenmu sun san ta. Maza su kwaɓa ƙasa su yi tubali, magini ya hau katanga ana jefa masa, idan an gama rufi da azara kuma sai mata su taru da madaɓansu a yi daɓe, ana zuba ruwan makuba ana waƙa, mai gida ba abin da zai biya sai fura da tuwo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma mun sani Manzon Allah (SAW) da kansa ya ɗauki tubali tare da sahabbansa lokacin ginin masallacin Madina.

Mu mutanen Zazzau ba baƙin ginin ƙasa ba ne. Masallacin Juma'a na ƙofar fada, Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu wanda ya hau mulki a 1834, kuma har yau masana gini daga ƙasashen Turai suna zuwa kallon bakan-gizonsa, duk da an kewaye shi da ginin siminti a shekarun 1970. Sai dai mu nan mun juya wa wannan sana'a baya, kowa sai bulo da kwano. Wannan ne ya sa yaro mai son ya ga yadda ake yin ta da hannu yake hangen Nijar.

A can jihar Tawa akwai wani ƙauyen Hausawa da ake kira Yama. A shekarar 1962 dattawan garin suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka ɗora aikin a kan wani maginin garin, manomi, mai suna Falke Barmu. Babu ɗan kwangila. Kowane gida ya kawo abin da zai iya, wasu tubali, wasu itace, wasu jidon ruwa, wasu hatsi. Daga 1975 aka sake rufin da bakan-gizo, aka bi shi da hasumiya huɗu, kowace kusurwa ɗaya, babu wadda ta yi kama da ’yar uwarta. A 1986 wannan masallaci na ƙauye ya ci lambar yabo ta Aga Khan, wadda manyan masu zanen gini na duniyar Musulmi ke takara a kanta. Ki duba fa, mutumin da bai taɓa shiga jami'a ba.

Labarin Dandaji, shi ma a jihar Tawa, ya fi burge ni domin mata ne suka ja ragamarsa. Tsohon masallacin garin ya tsufa, sai Mariam Issoufou Kamara, ’yar Nijar, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, ’yar asalin Iran, suka tsara a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa da tubalin jar ƙasar wurin. Maginan yankin ne suka yi aikin, aka kammala a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma. Mata da yara suna shiga karatu a inda da sai maza ke taka ƙafa.

Ita ma gwamnatin Nijeriya tana da nata tsarin tun 1987, zamanin Janar Babangida da ministan harkokin waje Farfesa Bolaji Akinyemi. Ana kiransa Technical Aid Corps, inda ake tura likitoci da ma'aikatan jinya da malamai da injiniyoyi su yi shekara 2 a ƙasashe irin su Gambiya da Uganda da Jamaika. Wannan na waɗanda suka gama karatu ne suka yi aiki, kuma gwamnati ke biyan alawus.

To amma fa tsoron maƙwabciyata ba na banza ba ne. Hanyar da ke kai mutum aikin alheri a Nijar, ita ce dai ke wucewa Agadas ta shiga sahara zuwa Libiya, kuma ’ya’yan mutane da yawa an yaudare su da sunan aiki a waje, wasu har yau ba labarinsu. Saboda irin wannan aka kafa hukumar NAPTIP a 2003. Ga kuma matsalar tsaro a wasu sassan kan iyaka, ga siyasa: bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyakar har zuwa Maris na 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Wanda ya tafi ba takardu, wata rana sai ya wayi gari ƙofa a rufe.

Don haka abin da na ce mata shi ne ta daina faɗa, ta fara tambaya. Wane gari ne, sunansa? Wane malami ne zai jagorance su, kuma maigida zai iya zuwa ya gan shi ido da ido? A gidan wa za su sauka, mai garin ya san da zuwansu? Duk wanda ya ce a kawo kuɗi masu yawa tun kafin a ga takarda, ko ya ce a ba shi fasfo ya riƙe, a rabu da shi. Ki kuma lura da lokaci. Ginin ƙasa aikin rani ne, bayan an kai amfanin gona gida, saboda haka mai cewa zai je yin tubali a tsakiyar watan Agusta, ki sake tambayarsa da kyau. Sai fasfo, da katin allurar shawara, da lambar wayar wani babba a can wanda ba ɗan tafiyar ba. Idan ’ya mace ce kuwa, maganar muharrami da masauki ita ce farko, wannan kuma ba uwa kaɗai ke yanke ta ba.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa wa yaron, kada ya tafi da girman kan ɗan jami'a. Mutanen da zai tarar sun fi shi sanin ƙasarsu da ruwansu, shi ɗan jidon ƙasa ne a wurinsu, ya yi ladabi ya koya.

Maigidanta ya je Samaru ya ga malamin, ya dawo ya ce ya amince, amma da sharaɗi: sai yaron ya tayar da katangar gida tukuna. Jiya da na wuce na tarar da shi da abokansa uku cikin laka har gwiwa, uwar tana tsaye a bakin zaure da kwaryar fura tana gaya musu layin ya karkace. Ta riga ta ɗaure masa kuka da daddawa da yaji a leda, ta kuma aiki ƙaninsa kasuwar Tudun Wada ya sayo gidan sauro.