Lambun Haya a Ingila: Yadda Ake Nema da Yadda Ake Riƙewa

A gefen garuruwan Ingila, sau da yawa kusa da titin jirgin ƙasa ko bayan unguwa, akwai filaye da aka yayyanka ƙanana, kowane yanki da mai noma shi. Turawa na kiran irin wannan yanki alotmen. Lambu ne da mutum ke karɓa haya, galibi daga ƙaramar hukuma, don ya noma kayan miya da 'ya'yan itatuwa na cin gidansa. Cikakken yanki bisa tsohon awo yakan kai murabba'in mita 250, amma saboda yawan masu nema, hukumomi da dama yanzu rabi suke bayarwa, wasu ma rubu'i.

Tsarin ya samo asali ne daga zamanin da masu hali suka killace filayen da talakawan karkara ke noma da kiwo a kai. Da talaka ya rasa inda zai kafa fartanya, sai aka soma ware masa ɗan abin da zai rage yunwa. Dokar 1908 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da lambuna inda ake buƙatarsu, har ta ce idan mutum shida daga masu zaɓe ko masu biyan harajin yankin suka rubuta buƙata, wajibi ne hukuma ta duba. Dokar 1925 kuma ta hana sayar da filin da aka keɓe don wannan aiki sai da amincewar minista. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da jiragen ruwan abinci suka shiga haɗari, gwamnati ta yi yekuwar kowa ya noma abincinsa, lambunan suka haura miliyan ɗaya. Bayan yaƙi aka gine da yawa daga cikinsu. Ƙananan hukumomin tsakiyar Landan ma doka ta sauke musu nauyin samar da lambuna, shi ya sa lambu ya fi wuyar samu a can, alhali birni kamar Birmingham na da wurare sama da 100.

Mai nema yakan fara da gano wanda ke riƙe da filin. Wani wurin ƙaramar hukuma ce, wani wurin majalisar ƙauye, coci, ko ƙungiyar masu lambun da aka damƙa wa ragamar wurin. Takardar da ake cikewa ba ta da wahala: suna, adireshi, da wurin da mutum ke so. Yawanci sai wanda ya kai shekara 18, kuma mazaunin yankin ake fifitawa. Neman ba shi ne aikin ba, jiran ne. Ana sa suna a layi, kuma layin ba ya motsi sai wani ya saki lambunsa, ko ya ƙaura, ko ya rasu. A wasu garuruwa watanni ne, a manyan birane kuwa shekaru ne, wani lokaci fiye da goma. Wanda ya sauya gida ko lambar waya bai sanar ba yana iya rasa gurbinsa bai sani ba, domin idan aka aiko da tayi ana ba da 'yan makonni ne kawai kafin a wuce zuwa na bayansa.

Idan layi ya zo, ana kai mutum ya ga yankin da idonsa. A nan ne sabon shiga ya kamata ya nutsu. Lambun da aka saki ba safai yake da kyau ba, tunda wanda ya bar shi ya daɗe da gajiya kafin ya haƙura. Za a tarar da ciyawa mai dogon saiwa, ƙaya, tsofaffin katakai da fasassun gilasai. Abin dubawa shi ne nisan famfo, inda inuwar bishiya ke faɗawa, da ko ruwa na kwanciya a wurin da hunturu. Hira da maƙwabcin lambu ta fi kowace takarda amfani, shi ya san halin ƙasar. Kuma ga mai aikin ofis da ba ya samun zuwa sai Asabar da Lahadi, rabin yanki da aka kula da shi ya fi cikakke da ya gagari mai shi.

Kuɗin haya ba shi da yawa. Ya bambanta daga gari zuwa gari, daga 'yan gomiyoyin fam zuwa sama da fam 100 a shekara, wasu wuraren har da kuɗin ruwa da na mabuɗin ƙofa. Masu fansho da marasa aikin yi kan samu rangwame. A wurare da yawa shekarar haya na farawa ne a ƙarshen Satumba, bayan an kwashe amfani.

Yarjejeniyar da ake sa wa hannu ita ce ginshiƙin zaman. Dokar 1922 ta bayyana cewa lambun na noman abin da mai haya da iyalinsa za su ci ne, saboda haka ba a mai da shi sana'a, ko da yake ba a hana kyautar da abin da ya yi yawa. Ba a kwana a ciki. Wanda ya saba da aron gona ko jinginarta zai lura da wani bambanci: a nan mai haya ba shi da ikon miƙa wa wani yankin, kuma ɗa ba ya gadon na ubansa kai tsaye. Ɗakin ajiye kayan aiki da rumfar gilashi suna da iyakar girma, ƙona shara na da ƙa'ida, kiwon zuma sai da izini. Dokar 1950 ta halatta kiwon kaji da zomaye muddin ba su dami jama'a ba, amma zakara yawanci ba a yarda da shi saboda cara.

Sharaɗin da ya fi raba mutane da lambunsu shi ne na nomawa. Ana zagayawa duba yankuna, wanda ya bar nasa ya koma daji sai a rubuta masa gargaɗi, in bai gyara ba a karɓe. Akwai adalci a cikin wannan, domin irin ciyawarsa na faɗawa gonar maƙwabci, ga kuma mutane a layi suna jira. Haka wanda ya yi kwana 40 bai biya haya ba, ana iya sallamarsa da sanarwar wata guda. Wanda ya kiyaye ƙa'ida kuwa doka ta kare shi: sai an ba shi sanarwar wata 12, kuma ba za ta ƙare tsakanin 6 ga Afrilu da 29 ga Satumba ba, don kada a raba shi da shukarsa tana tsaye.

Shekarar farko ta share fili ce. Gwanaye kan rufe rabin yankin da kwali ko baƙar leda don ciyawa ta mutu, su noma sauran. Dankalin Turawa, albasa, wake da kabeji ba sa ba da wahala. Tumatir da kabewa sai a jira sanyin da ke daskarar da raɓa ya wuce, wajen ƙarshen Mayu. Alayyafo na yi da bazara, kuma masu lambu 'yan asalin Afirka da Karibiyan sun daɗe suna shuka shi, amma kuɓewa da barkono sun fi son ɗumin rumfar gilashi.