Baƙin Mai Ba Ya Maganin Ƙazuwar Kare

Duk wanda ya saba ratsa lungunan Gwange ko Bulumkutu a Maiduguri da sassafe ya san irin karen nan: gashin kunnuwa da na gwiwoyi ya zube, fata ta yi kauri ta yi furu-furu, yana ta susa har jini. Sau da yawa za ka tarar an shafe shi da baƙin man injin mota. Mai karen ba mugunta ya nufa ba, abin da ya ga ana yi ke nan. Sai dai man nan illa yake yi wa fata, karen kuma ya lashe ya haɗiyi gubar da ke ciki.

Kama da wane ba ta wane. Cututtuka uku ne aka fi sani da zubar da gashin kare, kuma a ido kusan ɗaya suke. Ta farko ita ce ƙazuwa, aikin wani mitsitsin ƙwaro da likitoci ke kira sarkoptis. Macen tana haƙa rami cikin fata ta zuba ƙwai, cikin mako 2 zuwa 3 'ya'yan sun girma sun kama nasu haƙan. Shi ya sa allura ɗaya ba ta isa: ta kashe manya, ƙwai na nan, dole a maimaita. Wannan ƙazuwa tana bin karnuka ɗaya bayan ɗaya, don haka mafarauci mai karnuka biyar sai ya yi wa biyar ɗin magani. Takan taɓa mutum ma, ta fito masa da ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu ko ciki.

Ta biyu ƙwaronta demodes. Shi a ramin gashin kusan kowane kare yake zaune lafiya lau, sai jiki ya yi rauni, ko don yunwa ko tsutsar ciki ko ƙuruciya, sannan ya yi yawa. Ba ya bin mutane. Ta uku kuwa makero ne, wanda ba ƙwaro ba ne sam, dangin fumfuna ne, maganin ƙwari ba ya ko girgiza shi.

Gano ƙwarin aikin minti kaɗan ne. Likitan dabbobi zai kankare gefen wurin da reza har jini ya ɗan tsattsafo, ya ɗora a gilashi, ya duba da madubin ƙara girma. Sarkoptis ya iya ɓuya, wani lokaci ba a ganinsa, sai likita ya bi alamu. Makero kuma akan shuka gashin a ɗakin bincike, a jira mako biyu ko fiye. Mutanen Maiduguri sun yi dace a nan, domin jami'arsu da ke kan titin Bama, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitinta na koyarwa, ga kuma asibitin dabbobi na gwamnatin jiha.

Da damina akwai wata ta daban. Wani ƙuda yakan yi ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa, tsutsar ta shige fatar kwikwiyo ta zama maruru mai ɗan rami a tsakiya. A toshe ramin da basilin, tsutsar za ta leƙo neman iska a cire ta.

Ni dai kyanwa ta fi ba ni tsoro, don ita ce ke shiga ɗaki ta hau shimfiɗa. Tana iya ɗauke da makero ba tare da ya nuna a jikinta ba, sai a ga zagayayyen tabo a kan yaro ko wuyansa, a yi ta shafa magani yana dawowa. Kuma kyanwa ba ƙaramin kare ba ce. Hantarta ba ta iya narkar da wasu magunguna. Maganin kaska mai sinadarin famethirin, wanda kare ke ɗauka lafiya, yakan sa ta karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Farasitamol ma kisa yake yi mata. Ragowar ruwan wankan kaskar shanu kuwa kada ya kusance ta.

Idan tabon makero ya ƙi barin kan yaronka kuma akwai kyanwa a gidan, ka kai yaron asibiti, ka kai kyanwar wurin likitan dabbobi a mako guda, a wanke shimfiɗunsu da ruwan zafi a shanya a rana.