Likitan Da Ya Yi Magani Da Kwari Da Baka

A da, sojan da harsashi ya tsinka wa laka, ƙafafunsa suka shanye, ba a sa masa ran daɗewa. Gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su ke ƙarasa shi.

A 1944 Gwamnatin Ingila ta danƙa irin waɗannan majiyyata ga Likita Ludwig Guttmann, wanda ya gudo daga Jamus, a asibitin Stoke Mandeville. Ya sa ana juya su dare da rana. Sa'an nan ya sa aka koya musu harbin baka.

To, me ya haɗa baka da jiyya? Jan tsirkiya yana ƙarfafa damatsa da kafaɗu da baya, su ne kuwa ƙafafun mai zaman keke. Auna wurin harbi kuma yana koya wa jiki zama daram, ba tangaɗi. Amma babbar riba a zuci ta ke: wanda jiya ya fid da rai, yau ga shi yana karawa da lafiyayye, har ya ci shi.

Ran 29 ga Yuli 1948 mutum 16 suka yi gasar harbi a filin asibitin. A 1960 aka kai wasannin birnin Rum, 'yan wasa wajen 400 suka hallara daga ƙasa 23.