"Shiga da Google": wa ke riƙe da kalmar sirrinka?

Duk mai wayar zamani ya san maɓallin nan da ke cewa ka shiga da asusunka na Google, ko na Facebook, ko na Apple. Dannawa ɗaya ka shige, ba cike fom, ba ƙirƙirar sabuwar kalmar sirri. Sauƙin ne ma ya sa wasu suka tsargu, don mun saba ganin cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. A majalisa za ka ji ana rantsuwa cewa da zarar ka danna, ka miƙa wa masu shafin kalmar sirrinka ke nan, kuma daga ranar suna karanta saƙonninka. Maganar ta cakuɗa ƙarya da gaskiya, sai dai ƙaryar aka fi yayatawa.

Kalmar sirrinka ba ta isa hannun shafin. Wanda ya san harkar fatauci zai gane tsarin nan take. Baƙo ya sauka gari, 'yan kasuwa ba su san shi ba, amma sun san fatomansa. Fatoma ya ce "na san shi", ciniki ya faɗa, ba tare da baƙon ya kwance jakarsa a gaban kowa ba. Haka abin yake. Idan ka danna maɓallin, shafin yakan tura ka gidan Google. A can kake rubuta kalmar sirri, ko kuma ba ka rubuta komai idan wayar ta riga ta san ka. Sannan Google ya aika wa shafin wata shaida mai hatiminsa, ɗauke da sunanka da adireshin imel da hotonka. Ƙa'idojin da aka gina wannan a kansu ba ɓoyayyu ba ne: OAuth 2.0 ta fito a 2012, OpenID Connect kuma a 2014, kuma kowane masani na iya bincika su.

Saboda haka idan ɓarayi suka fasa rumbun wannan shafi gobe, ba za su tarar da kalmar sirrinka a ciki ba, tunda tun farko ba ta can. Ka kwatanta da abin da yawancinmu muke yi: sunan ɗa da shekarar haihuwa, shi ne a shafi goma. A fasa ɗaya, an buɗe tara. A ganina wannan ɗabi'ar ta fi maɓallin Google haɗari nesa ba kusa ba.

Sharaɗi ɗaya ne. Gidan da aka tura ka ya zama na Google da gaske. Mazambata kan zana shafi mai kama da shi sak, launi da tambari. Ka dubi adireshin da ke sama. Idan kuwa shafi ya ce ka rubuta kalmar sirrin Gmail a cikin akwatinsa, ba fatoma ba ne, ɗan damfara ne.

Zancen karanta saƙonni shi ne inda ya kamata a tsaya a yi nazari, don a nan jita-jitar take da ƙafa. Shiga kawai ba ta ba shafi damar leƙa akwatin imel ɗinka. Amma wannan hanya ɗaya ce da wadda manhajoji ke bi su nemi ƙarin izini, kuma akwai allon da ke fitowa ya jera abin da ake nema. Shi ne allon da ba wanda ke karantawa. A watan Mayun 2017 wasu suka ƙirƙiri manhajar bogi suka raɗa mata suna "Google Docs", suka watsa gayyata ta imel. Wanda ya danna, shafin Google na gaskiya ne ya buɗe masa, ya tambaye shi ko ya yarda manhajar ta shiga imel ɗinsa da jerin abokan hulɗarsa. Mutane suka yi ta amincewa. Ba a saci kalmar sirrin kowa ba, masu gida ne suka buɗe ƙofa da hannunsu.

Badaƙalar kamfanin Cambridge Analytica da ta fasu a 2018 ma ta wannan ƙofa ta shigo. Wata manhajar tambayoyi ce a Facebook, mutum kusan 270,000 suka shiga. A lokacin, izinin mutum ɗaya kan haɗa har da bayanan abokansa, waɗanda ba a ko shawarce su ba. Da haka aka kwashi bayanan mutanen da Facebook ya ce za su iya kai miliyan 87. An toshe wannan kafa ta abokai, kuma a 2019 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci tarar Facebook dala biliyan 5. Manhajar wasan ƙwallo da ke neman jerin lambobin mutanenka dai har yau ba ta da hujja.

Cewa Google na sanin shafukan da ka shiga da sunansa, gaskiya ne. Fatoma ai ya san rumfar da ya kai ka. Apple, wanda ya kawo nasa tsarin a 2019, yana ba ka zaɓin ɓoye imel ɗinka, ya ba shafin wani adireshi na aro da ke tura maka saƙo.

Gaskiya ne kuma cewa makulli ɗaya ne ke buɗe ɗakuna da yawa. A Satumban 2018 masu kutse suka sace shaidun shiga na mutum kusan miliyan 30 a Facebook. Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuwa Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida, waɗanda suka rataya wasu manhajojin a wuyan Facebook suka rasa hanyar shiga.

Amma a wurinmu ɓarakar ta fi kusa da haka. Mutum nawa ne yaron shagon waya ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi waya, ya zaɓi kalmar sirri da kansa, suka tafi ba su ko tambaya ba? Nawa ne lambar da suka ɗaura wa asusun tsohon layi ce da suka yar, alhali kamfanonin layi kan sake sayar da lambar da ta daɗe a kwance? Irin wannan asusun aka jingina wa shafi ashirin. Gyaransa bai wuce minti goma ba: ka canza kalmar sirri, ka sa lambar da ke hannunka, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato ko an san kalmar sai an nemi amincewar wayarka.

Saura masu cewa goge manhaja daga waya ya raba ku. Bai raba ba. Izinin na nan a rubuce cikin asusunka har sai ka shiga saitin tsaro na Google ko na Facebook, ka buɗe jerin manhajojin da ka haɗa, ka cire su ɗaya bayan ɗaya. Za ka tarar da sunayen da ka manta ka taɓa gani. Cirewar tana hana su ɗibar sabon bayani, amma abin da suka riga suka ɗauka yana wurinsu, sai ka koma shafin da kansa ka nemi a rufe asusunka a share bayananka.