Ribar takarda da ribar aljihu: masu manyan motocin Arewa da ma'aikatan lanho

Duk wanda ya tashi a Kiyeshe, ko Tibiri, ko cikin garin Dogondutsi, ya san lanho tun yana yaro. Kuɗin kai ne, mai gari ya tara ya kai ma'aikatar magajin gari, maigida ya karɓi ƴar takardarsa ya adana. Ba mai tambayarsa nawa ya samu bana. Da wannan sanin ne yawancin masu manyan motocin Arewa suke shiga sana'a, shi ne kuma yake kayar da su ranar da harka ta haɗa su da DGI, babbar ma'aikatar haraji ta ƙasar Nijar. A can riba ake ƙirgawa, wato abin da ya shigo bayan an cire abin da aka kashe. Sai dai abin da aka kashe ɗin, wanda takarda ta shaida kaɗai suka sani.

Direban da ke tuƙa motar wani ba shi ake bi harajin riba ba, maigidansa ake bi. Amma a hannun direban ne kowace takarda take fara faɗawa, a gidan mai, a wurin biyan kuɗin hanya, a garaji. In ya yar da ita, ko ya bar karen mota ya naɗe tsire da ita, maigidan ne zai biya. Shi kuwa wanda ya yi tanadi ya sayi tasa dogon baro yana tuƙawa, nauyin biyu duk a kansa suke.

Dokar haraji ta Nijar ta kasa masu sana'a gwargwadon cinikinsu na shekara. Ƙaramin ɗan kasuwa ana yanka masa kuɗi a dunƙule, abin da direbobi suka fi kira fatanti, ya biya ya kama gabansa. Mai mota ɗaya da ke kwasar wake ko gyaɗa daga kasuwannin kwarin Dallol Mawri zuwa Dosso ko Ƙonni, galibi nan yake. Wanda harkarsa ta yi faɗi, ko yake neman jigilar kayan kamfani ko na gwamnati, shi ne ke shiga tsarin lissafin gaskiya: ya karɓi lambar NIF ta mai biyan haraji, ya bayyana cinikinsa da abin da ya kashe, a ɗauki kashi 30 cikin ɗari na ribar.

Mu ɗauki misali, don a ga inda gizo ke saƙa. An ba mai mota jikka 600 kuɗin lodi. Gazuwal, kuɗin hanya, gyara, hakkin direba da karen mota sun ci jikka 450. Ribarsa jikka 150, harajinta jikka 45. To, a ce cikin abin da ya kashe akwai jikka 200 da ba su da takarda. Mai bincike zai ce ribar jikka 350 ce, harajin jikka 105. Lissafin shekara ake yi, ba na tafiya ɗaya ba, don haka a ninka wannan giɓi da yawan tafiye-tafiyen shekara, a ɗora tara a kai.

Abin da ya fi cin kuɗi a babbar mota shi ne gazuwal, nan kuma ramin ya fi zurfi. A watan Agustan 2022 litar ta tashi daga sefa 538 zuwa 668, a Yulin 2024 aka sauko da ita 618. Ƙasar Arewa tana jingine da jihar Kebbi, kuma ƴan ruwa-ruwa da jarkokinsu ba baƙi ba ne a bakin hanya. Direba yakan tsaya wurinsu don sauƙi, ko don bashi suke ba shi, ko don dare ya yi gidan mai ya rufe. Ɗan ruwa-ruwa ba ya ba da rasit, in ma ya rubuta wani abu a takardar sigari ba mai karɓa. Tun daga 2021 Nijar ta shigo da faktir mai shaidar na'ura, wadda ke ɗauke da lambar NIF ta mai sayarwa da wani tambari mai murabba'i da waya ke karantawa. Ita ma'aikata take nema kafin ta yarda a cire kuɗi daga riba. Mai cikin lissafin gaskiya da ya sami rangwamen dala goma a lita a bakin hanya, ya yi asarar kusan sulusin kuɗin litar a ofis. Ban ga ciniki a nan ba.

Gyara ma haka. Bakaniken da ya kwana ƙarƙashin mota a Kore Mairuwa yana canza kuloci ya yi aiki na gaske, ya karɓi kuɗi na gaske, amma ba shi da na'urar faktir, ƙila ma bai taɓa jin sunanta ba. Dabarar da ta rage ita ce a sayi kayan gyara masu tsada, taya da batir da man juye, a shagon da ke ba da faktir, a bar kuɗin hannu kaɗai ba shaida.

Sai kuɗin shinge. Kowa ya san abin da ake nufi da “a ba mu na ruwa”. Tun 2005 ƙungiyar UEMOA ta kafa ofishin sa ido kan irin wannan karɓe-karɓe a manyan hanyoyin Afirka ta Yamma, abin bai daina ba. Wannan kuɗi ba ya shiga lissafi ta kowace ƙofa. Ita ma tara, ko da an ba da rasit ɗinta, ba a cire ta daga riba. Wanda aka ɗora kan sikeli aka tarar ya wuce nauyin da dokar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙayyade, daga aljihunsa ya biya. Batun tara babu ja a kansa. Amma kuɗin da mai kaki ya karɓa ba rasit, sannan wani ma'aikacin gwamnatin ya zo ya ƙirga shi cikin ribar mai mota, wannan cuta ce, kuma ba direba ne zai iya gyara ta ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil. Motocin da suka saba ɗauko kaya daga Kotonu suka koma Lome, ta Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar soja. Makonni direba ya riƙa yi yana jiran ayari, yana cin abinci, yana ciyar da yaransa. Maigidan da ya rubuta kuɗin guzuri, direba ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, yana da abin nunawa. Wanda ya miƙa hannu da hannu ba shi da komai.

Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, masu dokar kasuwanci ɗaya. Dokarsu ta lissafi, wadda ta fara aiki a Janairun 2018, ta ce a adana littattafai da takardun shaida shekara 10. Ta kuma sassauta wa ƙanana: mai aikin hidima, irin jigila, da cinikinsa bai kai sefa miliyan 30 a shekara ba, lissafin shiga da fita ya ishe shi. Wata dokar tasu ta 2003 kan ɗaukar kaya ta hanyar mota ta tanadi takardar lodi, mai nuna wanda ya aiko, wanda zai karɓa, irin kayan da yawansu. Ƴan kamasho a tasha ba su cika damuwa da ita ba, baki da baki ake gamawa, sai ranar da buhu goma suka ɓace.

Littafin ɗan makaranta ya isa a fara. Kowace tafiya shafinta: kwanan wata, daga ina zuwa ina, kayan wa, nawa aka biya, kilomita nawa agogon mota ya nuna da tashi da sauka, lita nawa aka sha. Da boko ko da ajami, duk ɗaya, mai lissafi zai juya daga baya. In da naira aka biya, kamar yadda aka saba a kasuwannin bakin iyaka, a rubuta canjin ranar. Rasit ɗin na'ura kuwa ba ya jure zafi. Wanda ya kwana biyu gaban gilashi a watan Afrilu, sai a ɗauko shi ba a iya karanta rubutun da ke kai. A ɗauki hotonsa da waya nan take, a sa asalin cikin leda, a sauke shi gida. Takardun binyet, asiransi, bizit da na duwan su ma kuɗi ne da aka kashe, haka ita kanta motar: ba a cire kuɗin sayenta gaba ɗaya, ana raba shi kan shekaru, kuma sai da takardar sayen.

Ko mai fatanti bai kamata ya ce ba ruwansa ba. Ranar da ma'aikata ta yi zargin cinikinsa ya wuce ajinsa, littafin nan ne zai yi masa magana. Binciken da ake zuwa har wurin sana'a, sai an aiko da sanarwa tukuna, kuma mutum na da damar zuwa da mai lissafinsa. In an sami saɓani za a rubuto masa, a ba shi wa'adin amsa. Wanda ya jefa wasiƙar cikin aljihun mota don Faransanci ne, wa'adi ya wuce, ma'aikata na iya yanka masa da ƙiyasinta.

Akwai kuma kuɗin da masu mota da dama suke bari a baya. Kamfani ko ofishin gwamnati in zai biya kuɗin jigila, yakan tsakuri wani kaso ya zuba wa baitulmali da sunan mai motar, kuma kason wanda ba shi da NIF ya fi yawa. Wannan kafin alƙalami ne na harajinsa, za a rage masa shi a lissafin ƙarshen shekara. Sai dai dole ya nemi takardar shaidar cirewa daga wanda ya biya shi, kuma ranar biyan ya fi sauƙin samunta. In ba ita, zai sake biyan abin da an riga an cire masa.