Abin da Duwatsun Riruwai ke Faɗa Game da Kuza

Ruwan da manoman Kura da Bunkure ke noman rani da shi yana zuwa ne daga madatsar Tiga, ita kuwa Kogin Kano ne ke cika ta daga tuddan kudancin jihar. A can, cikin Ƙaramar Hukumar Doguwa, duwatsun Riruwai suke, inda aka daɗe ana haƙar kuza tun kafin zuwan Turawa.

Kimanin shekara miliyan 170 da suka wuce, dutse mai aman wuta ne a wurin. Toka da narkakken dutsen da ya amayar suka kwanta hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Da cikinsa ya ragu, sai samansa ya rufta. Daga baya wani narkakken dutse ya taso, amma bai ɓullo waje ba, ya sandare a ƙarƙashin waɗannan shimfiɗu. Ruwan zafin da ya fito daga jikinsa ne ya bi tsage-tsage, ya ajiye kuza da tutiya.

Saboda haka masana ke auna shimfiɗun, ko da yake ba a cikinsu yawancin arzikin yake ba. Su ne rufin. Inda rufin bai gama zaizayewa ba, ana kyautata zaton kuzar da ke ƙarƙashinsa tana nan, ruwan sama bai kwashe ta ba.